Bututu cikin fandesho ko inbata esi da sola, wanne ya fi wa mai tsohon gini a Legas?

'Yan uwa masu gidaje da masaukin baƙi a Agege da Idi-Araba da Obalende da su Alaba Rago, musamman waɗanda gininsu ya kwana biyu har an fara maganar ƙarfafa harsashi, duk wanda ya ɗan yi bincike a intanet kan yadda zai rage kuɗin wuta zai ci karo da wannan dabarar ta Turawa, wato a binne bututun roba cikin fandesho, ruwa ya dinga zagayawa yana kwashe zafin ɗaki yana kaiwa cikin ƙasa, in sanyi yazo kuma a juya aikin ya ɗebo ɗumi daga ƙasa ya shigo dashi ɗaki. Abin gaskiya ne ba tatsuniya ba, kuma tun shekarun 1980 ake yinsa a Ostiriya da Siwizalan, filin jirgin Zurik ma akwai wani ɓangarensa da aka buɗe a 2003 da turakun kankare sama da 300 na ƙarƙashinsa duk da bututu a ciki. Toh amma ni abinda nakeso mu tsaya mu duba shine a nan Legas, a tsohon gini, da irin ƙasarmu da irin zafinmu, kwalliya zata biya kuɗin sabulu ko kuwa gara mutum ya tsaya kan inbata esi da sola da gyaran rufi. Ra'ayina tun farko, ga yawancinmu na biyun ya fi, kuma zan faɗi dalili, sannan in faɗi waɗanda na farkon zai iya yiwa rana don akwai su.

Mu fara da ita ƙasar kanta don a nan gizo ke saƙa. In ka haƙa ƙasa ka wuce kamar mita 10, zafinta baya canzawa sosai duk shekara, yana tsayawa ne daidai da matsakaicin zafin garin na shekara. A Landan ko Zurik wajen digiri 10 zuwa 12 ne, shi yasa abin ke musu daɗi, da rani iska tana 30 ƙasa tana 11, da hunturu iska tana ƙasa da sifili ƙasa tana nan a 11 ɗinta. Mu kuma matsakaicin zafin Legas wajen digiri 27 ne, kenan ƙasar tamu ma 27 ce ko ta ɗan ɗara. Ba sai an kawo na'ura ba, ka tari ruwan bohol a hannunka yana fitowa kai tsaye kafin ya hau tanki, zakaji ba sanyi bane, salam yake, da asuba ma har ɗumi-ɗumi zakaji. Rana mafi zafi a Legas, wajen Fabrairu da Maris, iska tana kaiwa 33 ko 34, kaga ratar dake tsakanin iska da ƙasa bata wuce digiri 6 ko 7 ba, da dare kuwa ko da damina a Yuli da Agusta iskar waje ta kan ma fi ƙasar sanyi. Ratar nan ita ce ribar gaba ɗaya, ita ake sayen injin sanyayan da ake haɗawa da bututun dominta, kuma ƙa'idar da masu aikin sanyi ke tafiya a kai ita ce duk digiri ɗaya da ka rage a inda kwamfireso ke zubar da zafi kana samun sauƙin wuta kamar kashi 2 zuwa 3 cikin 100. Ruwa ya fi iska iya ɗaukar zafi, wannan yana ƙara ɗan riba a kai, amma sai ka cire wutar da famfon dake zagaya ruwan keci. Sauƙi akwai, amma ba irin wanda ake nunawa a bidiyon Turai ba inda wani lokaci ko kwamfireso basa kunnawa, ruwan ƙasar kawai ya ishe su sanyaya ɗaki.

Wannan na rashin kunna kwamfireso a cire shi daga lissafi a Legas, ruwa mai digiri 27 bazai sanyaya ɗakin da kakeso ya dawo 24 ba. Kuma ma abinda ke damunmu a nan ba zafi kaɗai bane, danshi ne, iskar nan mai maƙewa a jiki da ta kan wuce kashi 80 cikin 100, wadda ke sa riga ta jiƙe kana zaune ko motsi bakayi ba. Ruwan nan da kake gani yana ɗiga daga bayan esi har ana tara masa bokiti, shi ne rabin aikin, kuma ba a matse ruwa daga iska sai da ƙarfe mai sanyi sosai, can ƙasa da digiri 15. Don haka ko ka binne bututu kilomita guda dole injin mai kwamfireso ya kasance, dole yaci wuta, dole in nepa ta ɗauke ka tada janareta ko ka koma kan batir. Wanda yace maka ka rabu da kuɗin wuta bai faɗa maka gaskiya ba. Haka masu cewa a bi da bututun sanyi ta cikin daɓe ko dekin kamar yadda akeyi a waje, a danshin Legas ƙasan ɗakin zufa zai dingayi, tayil ya jiƙe, bango yayi funfuna.

Sai babbar matsalar da nafi so a fahimta. A Turai ƙasa kamar rumbu take musu, da rani su zuba zafi, da hunturu su ɗebe abinsu su ɗumama gida, shekara na zagayowa rumbun ya koma yadda yake. Mu a Legas zubawa kawai zamu dingayi wata 12, babu ranar ɗiba, don ko hunturun da ake cewa yazo a Disamba da Janairu ba wanda ke neman hita, hazo ne kawai da ɗan bushewar leɓe. Zafin da kake turawa baya ɓacewa, taruwa yake a kewayen bututun a hankali, shekarar farko injin yayi kyau, bayan wasu shekaru ruwan dake dawowa ya fara ɗumi, ribar nan ta digiri 6 ta fara narkewa, in anyi rashin sa'a ka wayi gari injin da ka kashe maƙudan kuɗi a kai yana shan wuta daidai da esi na kasuwa. Kuma ba hasashe bane cewa ƙasa na riƙe zafi, jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan shaida ne, yumɓun dake kewaye da ramukan yana wajen digiri 14 lokacin da aka haƙa su, yanzu bayan shekara sama da 100 na zafin birki da injina ya haura 20.

Abu ɗaya da ya taimaki Legas a nan, kuma dole in faɗeshi don adalci, ruwa ne. A Lekki da Ajah da Ikoyi da Biktoriya Ailan ka haƙa mita ɗaya ko biyu ka tarar da ruwa, yashi ne jiƙaƙƙe, kuma jiƙaƙƙen yashi ya fi busasshiyar ƙasa wuce da zafi nesa ba kusa ba, in ruwan yana gudana ma sai ya dinga tafiya da zafin gaba. Amma ba ko'ina yake gudana ba, wani wurin taɓo ne da ruɓaɓɓen ciyayi na tsohuwar fadama da aka cike, ruwan kwance yake, kuma ta wajen Agege da Ikeja da suke kan tudu jar ƙasa ce ruwan na can ƙasa. Ba a ganewa da ido, sai an haƙa rami ɗaya na gwaji an tura masa ruwan zafi na kwana biyu ko uku ana auna yadda ƙasar ke shanyewa. Duk ɗan kwangilar da ya baka farashi bai yi maganar wannan gwajin ba, kintace yake da kuɗinka.

Yanzu bari muyi lissafin da kowa zai iya yi a bayan takarda. Esi mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, wanda mukafi sani, yana cire zafi kamar kilowat 3.5 daga ɗaki, ka haɗa da zafin kwamfireson kansa wajen kilowat 1, abinda za a zubar ya zama 4.5. Mita ɗaya ta turke ko rami mai bututu abinda ta kan ɗauka a lissafin gama-gari wajen wat 50 ne, wani wuri ƙasa da haka wani wuri sama. Ka raba zaka samu mita 90 don esi ɗaya tak. Masauki mai ɗaki 20 kenan yana neman mita 1,800, in kowane turke zurfinsa mita 20 ne kana maganar turke 90. Ko ka rage saboda ba duk ɗakunan ke kunne lokaci guda ba, har yanzu adadin yafi abinda tsohon bene mai hawa biyu ko uku zai buƙata don tsayuwarsa. Ma'ana fandeshon zai ɗauki wani kaso ne kawai na aikin, sauran dole a nemo masa wata hanya.

Kuma duk wannan a sabon gini ne abin ke da sauƙi. Wanda ya taɓa aikin lebura a sayit ɗin su Lekki ya san yadda ake yin turke, inji ya haƙa rami, a ɗaure kejin rodi a kwance a ƙasa, kiren ya ɗaga ya zura, a zuba kankare daga ƙasa yana turo taɓo sama. Bututun nan baƙi na roba mai kauri, faɗin milimita 25 ko 32, a jikin kejin ake ɗaure shi ta ciki, ya sauka ya lanƙwaso ya dawo, a cika shi da ruwa a matse a saka agogon awo a bakinsa, ana zuba kankare ana kallon allurar, in ta faɗi an san ya huje kuma shikenan wannan turken an yi asararsa ta fannin sanyi don ba mai shiga ya gyara. Inda akafi yin ɓarna ma daga baya ne, lokacin da yara ke fasa kan turken da injin fasa kankare don fito da rodi, duka ɗaya a inda bai dace ba ya yanke bututun. A sabon gini tunda ramin dama za a haƙa shi, kankaren dama za a zuba, ƙarin kuɗin bututu da aikinsa kaɗan ne. A tsohon gini kuwa kankaren ya daskare shekara 30 ko 40, babu yadda za ayi ka cusa masa bututu, kuma yawancin tsofaffin gidajenmu na Agege da Mushin ma basu da turaku, harsashi ne gajere da bai wuce mita ɗaya da wani abu ba, wanda rana ke dafa shi kamar yadda take dafa titi.

Toh a tsohon gini hanyoyin da suka rage kaɗan ne. Akwai siraran turaku da ake kafawa don tallafar ginin da ya fara nutsewa ko tsagewa, faɗinsu bai kai santimita 30 ba, wani injiniya ɗan Italiya Fernando Lizzi ya ƙirƙiro su a farkon shekarun 1950 don ceto tsofaffin gine-gine, ƙaramin inji ne ke yinsu har cikin ɗaki yana shiga, kuma ana iya zura bututu ɗaya a cikinsu. Akwai haƙa ramuka a tsakar gida ko wajen ajiye mota, kamar bohol amma a rufe, sai dai ana son tazarar mita 5 zuwa 6 tsakanin rami da rami, kuma kowa yasan filin Legas, an gine shi har bakin kwata, ga soka-awe ga tankin ƙasa ga ɗakin janareta. Akwai wasu faranti da wani kamfanin Siwizalan mai suna Enerdrape ke mannawa a bangon garejin ƙarƙashin ƙasa, dabara mai kyau, amma gidaje nawa ne a Legas keda ɗakin ƙarƙashin ƙasa da wannan ruwan namu. Sai kuma jawo ruwan bohol kai tsaye ya ratsa injin a maida shi ƙasa ta wani ramin, wannan yafi arha a fara, amma ruwan gefen teku gishiri ne dashi, wani wurin kuma ƙarfe, irin wanda ke maida farin bokiti ja cikin sati, zai toshe injin ko ya cinye shi sai in an saka mai tsada da baya tsatsa, ga neman izinin hukumar ruwa ta jiha.

Anan zan roƙi kowa don girman Allah, kada a taɓa harsashin tsohon gini saboda neman sanyi kawai. Garin nan mun ga abinda ya faru a Ita Faji a Maris 2019, bene da makarantar yara a samansa, mun ga na titin Gerrard a Ikoyi ranar 1 ga Nuwamba 2021, hawa 21, sama da mutum 40 suka rasu. Waɗannan ba bututun sanyi ya kada su ba, amma sun isa su tuna mana cewa gini a wannan ƙasar mai laushi ba abin gwaji bane. Haƙa kusa da tsohon fandesho a cikin yashi mai ruwa na iya janye ƙasar dake ƙarƙashinsa, kuma turken da ake ɗumamawa yana ɗan miƙewa yana komawa, a taɓo mai laushi wannan sai injiniya ya saka shi a lissafi. Aiki ne na injiniyan gini mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta ƙasa, da gwajin ƙasa, da izinin LASBCA, hukumar kula da gine-gine ta jihar Legas, ba na mai haƙa bohol na unguwa ba komin ƙwarewarsa. Wani dattijo mai masauki ya taɓa tambayar injiniya a gabana ko za a ɗan haƙa gefen bango a gwada, injiniyan yace masa ranka ya daɗe Alhaji, in bangon nan lafiyarsa ƙalau to a bar shi ya kwana lafiya, kuɗin a kai su kan rufi. Ina tare dashi ɗari bisa ɗari.

Ɗaya ɓangaren kuma fa, inbata esi da sola da gyaran rufi. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, sannan a Afrilu 2024 aka ɗaga kuɗin wutar 'yan Band A zuwa naira 225 duk kilowat a awa daga sittin da wani abu, kowa ya koma lissafi, kuma abinda ya fi saurin dawo da kuɗi a tsohon gini shine hana zafin shigowa tun farko. Hawan ƙarshe a ƙarƙashin kwano ko dekin shi ke gasuwa, a shimfiɗa abin tare zafi a saman silin, a shafa wa rufin farin fenti, a yiwa tagogin yamma rumfa, a toshe ƙasan ƙofa da gefen taga inda iska mai danshi ke kutsowa, zakaga ɗakin da doki biyu baya isarsa ɗaya da rabi ya riƙe shi. Inbata esi kuma in ɗaki yayi sanyi saukowa yake yana jan wuta kaɗan, baya fizgar wuta lokacin tashi irin na da, shi yasa yake tafiya da sola da ƙaramin janareta. Ana sakawa ɗaki-ɗaki, bana biyar baɗi biyar, 'yan haya na ciki ba sai sun tashi ba, in ya lalace Alaba na nan da kayan gyara, mai gyara kuma kira ɗaya ne. Wannan na ƙarshen kada a raina shi, injin sanyaya mai amfani da ruwan ƙasa in allonsa ya ƙone sai an yi odarsa da dala daga waje, baƙi na kwance cikin zufa ana jiran jirgi.

Nasa aibin shima akwai. Ranar Legas bata kai ta Kano ko Sakkwato ba, gajimare yayi yawa, da damina sola sai a hankali, kuma esi na dare batir yake ci, batir kuwa shi ne tsadar. Na'urar waje a kusa da teku iskar gishiri ke cinye ta cikin 'yan shekaru, ga ƙara, ga ɓarayin kwafa, ga bangon gida ya cika da akwatuna kowanne na hurawa maƙwabci zafi. A nan tsarin ƙasa ya fi, injin na cikin ɗaki a kulle, gishiri baya taɓa shi, bututun da aka binne kuma in an haɗa shi da kyau yana iya shekara 50 ko fiye.

Wanda nake ganin ya dace ya saka bututun shine wanda abubuwa uku suka haɗu masa. Ginin dama injiniya ya riga ya yanke cewa sai an kafa masa sabbin turaku, ko za a ƙara sabon ɓangare mai fandesho mai zurfi, kenan kuɗin haƙa ba na sanyi bane. Ginin babba ne mai aiki dare da rana, otal ko asibiti, ba gidan haya da kowa keda mitarsa ba, don a gidan haya kai zaka kashe kuɗin ɗan haya ne zai ci sauƙin. Sannan akwai buƙatar ruwan zafi da yawa, wanka da wanki da kicin, don wannan ita ce hanya ɗaya da za a dinga ɗebe wani kaso na zafin kafin ya shiga ƙasa, hitar wanka 20 da aka kashe ba ƙaramin sauƙi bane a bil. Ko shi ɗin ma kada ya ɗora duka nauyin a kan ƙasa, a haɗa da hasumiyar sanyaya ruwa ko wata na'ura a kan rufi da zata dinga zubar da zafi da dare da lokacin damina, ƙasar ta samu ta huta.

Ga waɗanda suke kasuwanci a nan amma ginin nasu na gida ne, lissafin ya ɗan bambanta, a Kano ko Maiduguri iskar Afrilu na wuce 40 har esi na kasuwa ya fara gazawa da tsakar rana, ratar iska da ƙasa tafi ta Legas, sai dai busasshiyar ƙasa bata wuce da zafi da sauri kuma rana ta wadata, don haka can ma sola ke gaba. Jos ce kawai da sanyinta zan ce ta ɗan yi kama da inda aka ƙirƙiro abin.

In kuma kana cikin masu kafa sabbin turaku yanzu amma kuɗin injin bai samu ba, akwai tsaka-tsaki, a saka bututun tunda rami a buɗe yake, a gwada shi da agogon awo kafin zuba kankare da bayansa, a tattara bakunan wuri guda cikin akwatin siminti mai murfi, a toshe su, ka cigaba da inbata esi ɗinka har ranar da hali yayi. Ka tabbata injiniyan ya saka zafin a lissafin turakun tun yanzu, ya kuma baka zanen inda kowane bututu ya bi, ka ajiye shi tare da takardun fili, don mai gyaran famfo da zai zo fasa daɓe nan da shekara biyar bazai san akwai komai a wurin ba.